Takardun Honorabul Illo

Ranar Litinin da hantsi aka kawo rahoton. Sufeto Siddiƙu yana zaune yana fama da fayil ɗin wata satar awaki, sai baturen 'yan sanda ya aiko a kira shi.

An shiga gidan Honorabul Abdulshakur Illo a Ƙofar Taramniya jiya da yamma, an kwashe takardun sakamakon zaɓe. Honorabul shi ne ɗan majalisar wakilai na adawa da aka ce ya faɗi a zaɓen da ya wuce. Shi kuwa ya ce bai faɗi ba, kuma takardun da wakilansa suka karɓo daga rumfunan zaɓe za su nuna haka a kotu. Doka ta ba shi kwana ashirin da ɗaya ya shigar da ƙara. Jibi Laraba suke cika. In babu takardun, babu ƙara.

Baturen 'yan sanda ya miƙo masa fayil, bai sake shi nan take ba.

"Ka bi a hankali, Siddiƙu. Gaggawa aikin shaiɗan ce."

Siddiƙu ya gane abin da ake nufi. Shekara talatin da huɗu yana sanye da kaki, saura wata goma sha ɗaya ya ajiye, kuma ya san cewa umarni mafi nauyi shi ne wanda ba a rubuta ba. Ya sara, ya fita.

Ya iske ƙofar gidan cike da magoya baya. Kowa ya riga ya gama bincike: 'yan bangar jam'iyya mai mulki ne. Wani dattijo ya bi shi har zaure yana tambaya ko ya zo neman ɓarawo ne ko ya zo share masa sawu.

Babu wanda bai san Honorabul Illo ba a Sakkwato. Malamin firamare ne tun farko. Ya yi kansila, ya yi majalisar jiha, sannan aka tura shi Abuja har sau uku, kuma a duk tsawon wannan tafiya bai taɓa kwana ɗaya a jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati ba. Masu barkwanci na cewa ko tasa ce ta ci, gari na wayewa za ka iske ya kwashe kayansa. An tsare shi sau biyu. An yi masa tayin kujeru ya ƙi. Titin unguwarsa shi kaɗai ne babu kwalta a duk yankin, kuma maƙwabta sun san dalili. Wasu na alfahari da haka, wasu na tsaki a ɓoye.

Yanzu ya tsufa. Yana zaune a ɗakin karatunsa da ke jikin zaure, ƙafafunsa sun kumbura, idonsa kan wata adakar ƙarfe da aka ɓalle wa kwaɗo. Babu komai a cikinta.

Ya yi bayani a taƙaice. Ambulan ɗari biyu da sha huɗu ne, kowace rumfa da nata. Jiya duk mazan gidan suna unguwar Gidan Igwai wurin zaman makokin wani tsohon magoyin bayansa, Sule, wanda ya rasu da safe. Mata suna cikin gida, ba su ji komai ba. Da ya dawo bayan magariba ya tarar da ƙofa a ɓalle.

"Wa ya san takardun suna nan?"

"Gari duk ya ɗauka suna ofishin lauya. Ni na sani, da lauyata Barista Balkisu, da direbana Gazali, da Malam Jelani."

"Wane ne Malam Jelani?"

"Sakatarena. Shekara ashirin da uku. In ka zarge shi, ka zarge ni."

Siddiƙu ya duba ɗakin. A kan darduma akwai fostar ɗan takarar jam'iyya mai mulki, a yashe, kamar an bar ta don a gani. Ya naɗe ta ya sa a aljihu. Sai idonsa ya kai saman kabad. Wani Alƙur'ani ne a can cikin gafakarsa ta fata, an ninke sallaya an shimfiɗa masa a ƙasa.

Ya tambaya ko can yake zama. Honorabul ya ce a'a, kullum a kan murfin adakar yake.

Siddiƙu ya daɗe yana kallon wurin. Ya ga ɓarna iri-iri a rayuwarsa, ya ga ɗakunan da 'yan banga suka shiga. Ko da a cikinsu akwai mai tsoron Allah, iyakarsa ya ture littafin gefe. Wannan kuwa ya tsaya ya nemo sallaya, ya ninke ta, ya miƙa hannu sama.

"Ɓarawon nan da alwalarsa ya shigo," in ji shi.

Honorabul bai yi dariya ba.

Kafin ya fita ya tambayi kamannin ambulan ɗin. Ruwan ƙasa ne, manya. A saman kowanne Honorabul ya rubuta Bismillahi da larabci da hannunsa, kafin sunan rumfa. Ya ce haka yake yi wa kowace takarda tun yana koyarwa, har wadda yake aika wa kakakin majalisa.

Gazali direba yana bakin gareji yana goge motar da ba ta yi datti ba. Ya ce tun da ya kai maigida Gidan Igwai bai gusa ba, yana cikin mota har magariba.

Siddiƙu ya hau babur ɗinsa ya tafi Gidan Igwai. Mai sayar da rake a bakin layin gidan makokin ya ce motar Honorabul ta tashi ana kiran la'asar, bai sake ganinta ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ya tuna sarai, don inuwarta yake sha.

Da ya komo ya maimaita wa Gazali wannan magana, direban ya ajiye tsumma.

"Ina ka je?"

"Yallaɓai, ka rufa min asiri."

"Ina ka je?"

Gidan shugaban jam'iyya mai mulki na ƙaramar hukuma ya je. Ana neman direbobi a wata ma'aikata, ya je a sa sunansa. Ya ce shekara tara yana tuƙa mutumin da kowa ke yabo a rediyo amma ba mai ɗaukar ɗan gidansa aiki, 'ya'yansa biyu sun gama sakandare suna zaune. Ya rantse bai ambaci takardu ba. Ya yi layi a zauren shugaban tun la'asar, mutum fiye da ashirin sun gan shi, kuma ko ganin shugaban bai samu ba.

Siddiƙu ya aika aka tabbatar. Gaskiya ne. Maƙaryaci ne, amma ba ɓarawo ba.

Ya ciro fostar ya shimfiɗa a kan motar, ya juya bayanta. Busasshen sitaci ne, da ɓarɓashin shuɗin fenti manne a jiki. Ya ɗaga kai ya dubi katangar gidan. Shuɗiya ce, kuma ga tabon wuraren da aka ɓamɓare takardu.

Gazali ya ce ai lokacin kamfe kullum sai an zo an manna musu irin waɗannan don tsokana, su kuma su cire da safe. Wasu suna nan jibge a bayan gareji. Ya kai shi ya gani.

Ke nan fostar ba daga waje ta zo ba. Wanda ya yar da ita ya san inda ake tara su.

Malam Jelani ya same shi a zaure bayan azahar. Siriri ne, mai furfura a gemu, da tabon sujada a goshi. Yana magana a hankali kamar mai gudun tada barci. Ya ce ya zauna a wurin makoki har la'asar, daga nan ya wuce Hubbare ya yi wa mamacin addu'a, bai dawo unguwa ba sai isha'i.

"Wa ya gan ka a Hubbare?"

"Allah ya gan ni, Sufeto. Mutane kuwa, kowa da abin da ya kai shi."

Siddiƙu ya je. Masu ziyara daga ko'ina, masu sayar da carbi da turare, babu mai iya cewa ya ga wani dattijo mai farar riga ko bai gani ba. Wuri ne mai kyau ga mai addu'a, mai kyau kuma ga wanda ba ya son a ce ina yake.

Ranar Talata da safe ya je ofishin Barista Balkisu. Ya iske ta cikin tulin takardu, idonta ja. Ta ce ta rubuta ƙarar tsaf, amma dole a haɗa ta da takardun sakamako da jerin shaidu. Ta tura masa jerin. Suna na farko shi ne Ɗayyabu Jelani.

Ta ce ɗan Malam Jelani ne, shi kaɗai namiji. Shi ya kula da rumfuna bakwai da aka fi yin aika-aika a cikinsu, shi ya ga komai da idonsa, kuma duk ƙarar a kansa ta rataya. Sai ta ƙara, kamar da kanta take magana, cewa a shari'ar zaɓen baya Sule ne a wannan matsayi.

"Sulen da aka binne shekaranjiya?"

Shi ne. An tare shi a hanyar kotu ranar da zai ba da shaida, aka yi masa mugun duka, ba a taɓa kama kowa ba. Honorabul ya ci shari'ar duk da haka, ya koma Abuja. Sule kuwa ya yi shekara huɗu a kwance, sai an juya shi.

Siddiƙu ya tambaya wa ya yi masa wankan gawa. Ba ta sani ba. Ya buga waya Gidan Igwai, ƙanin mamacin ya ce Malam Jelani ne, shi da limamin unguwa.

Ya fito ya tsaya a jikin babur ɗinsa. Yanzu ya san mutumin, ya kuma san dalili. Abin da bai sani ba shi ne ko takardun suna duniya. Wayarsa ta yi ƙara, baturen 'yan sanda ne yana tambayar ina aka kwana. Ya ce ana kan aiki. Aka ce madalla, a ci gaba da bi a hankali.

Zai iya komawa kan satar awakinsa. Gobe da yamma maganar za ta mutu da kanta, ba wanda zai ce ya yi laifi, kuma wani yaro da bai taɓa gani ba zai zauna gida lafiya. Ya juya wannan a ransa. Amma an ba shi sata ya bincika, kuma bai iya wani aikin ba.

Ya koma Ƙofar Taramniya. Ya bi juji biyu na unguwar da kwatar bayan layi, ya tona tokar da ya gani da tsinke. Babu. Bai yi mamaki ba. Mutumin da ya kasa ajiye Alƙur'ani a kan kabad sai da shimfiɗa ba zai jefa Bismillahi ɗari biyu da sha huɗu a kwata ba, ba zai haɗa su da shara ya cinna wuta ba. Gidansa kuma ɗaki biyu ne, ga iyali, ga ɗan nasa. To ina mai irin wannan zuciya zai kai takarda mai sunan Allah in yana so ta ɓace?

Aka kira azahar. Ya shiga masallacin unguwar ya bi jam'i. Bayan sallama ya zauna ya jira mutane suka watse, sannan ya gaishe da ladan, wani tsoho mai ido ɗaya. Ya tambaye shi inda suke tara yagaggun warƙoƙi.

Ladan ya nuna masa wani lungu a bayan mumbari. Kamar yawancin masallatai, suna da buhun da ake zuba tsofaffin shafukan Alƙur'ani da duk takardar da aka tsinta mai sunan Allah, in ya cika a kai maƙabarta a binne a wuri mai tsarki. Ya ce nasu yakan shekara bai cika ba. Amma yanzu ga buhu biyu sababbi, an ɗinke bakinsu.

"Wa ya kawo?"

"Malam Jelani, ran Lahadi, tsakanin la'asar da magariba. Yac ce tsohin littattafan mahaihinai ne da gara ta ci. Nac ce mu kai gobe, yac ce a'a, a bari sai Alhamis, shi da kainai za shi kai."

Siddiƙu ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke zaren. Ambulan na farko da ya ciro, ga rubutun larabci a samansa da shuɗin biro.

Ya sa aka kai buhunan ɗakin karatun Honorabul, aka kira Barista Balkisu, aka kira Malam Jelani. Da Jelani ya shigo ya gan su, ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa inda ya saba zama.

Honorabul ya dube shi, ya dubi Sufeto, ya sake dubansa.

"Jelani?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

Bai jira a tambaye shi ba. Ya ce da hannunsa ya wanke Sule. Ya ga bayansa, ya ga abin da kwanciyar shekara huɗu ke yi wa fatar ɗan Adam, ya ɗaga shi ya ji kamar ya ɗauki damin kara. Da aka fito da gawar sai ya hangi Ɗayyabu cikin masu ɗaukar makara. Daga nan bai ƙara jin abin da ake cewa ba. Ya sha roƙon yaron ya janye, yaron ya ce shi ɗan gidan Illo ne, a gidan Illo aka koya masa ba a ja da baya.

"Mi ya hana ka faɗa min?" in ji Honorabul.

"Na faɗa maka sau biyu. Kac ce Allah na tare da mai gaskiya."

"To ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Amma kai in an tsare ka, rediyo na faɗi, lauyoyi na zuwa, ka hito ana yi maka kabbara. Sule wa ya faɗe shi? Shekara ashirin da uku ina rubuta maka jawabi kan haƙƙin talaka, ban taɓa ce maka na gaji ba. Gaskiyarka ce, ranka shi daɗe, amma a jikinmu ake biyan ta."

Daga waje ana jin muryoyin magoya baya, labari bai kai musu ba tukuna.

Siddiƙu ya tambaye shi abin da ya hana shi binne su tun ranar Lahadi, tunda maƙabarta ba nisa.

Jelani ya dubi tafin hannunsa. "Na san mutanen da suka sha duka kan kowace takarda. Na ce in kwanakin suka wuce, sun zama matattu, sai in binne. Da ransu hannuna ya kasa."

Wayar Sufeto ta sake yin ƙara. Wani ya riga ya kai labari caji ofis. Muryar baturen 'yan sanda cike take da fara'a. Ya ce aiki ya yi kyau, a kawo mai laifi yanzu, akwai 'yan jarida da za su so jin cewa adawa ce ta saci kanta. A haɗo da buhunan, kayan shaida ne, za a ajiye su a sito har a gama bincike.

Siddiƙu ya san tsawon wannan binciken. Zai wuce Laraba da kwana ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na riga na saki kayan ga mai su. Ya sa hannu."

Aka kashe wayar a ɗaya gefen.

Ya ciro takarda daga fayil, ya ɗora a kan murfin adaka, ya rubuta abin da ya riga ya ce ya faru. Ya ware ambulan ɗin da wuƙa ta ɗan karta ya sa Barista ta ɗauki hotonsa, ya miƙa wa Honorabul biro. Ya san inda za a tura shi ya ƙarasa watanninsa goma sha ɗaya: wani ƙauyen bakin iyaka da ba ruwa ba wuta. Ya yi mamakin yadda abin bai dame shi ba sosai.

Honorabul ya sa hannu. Ya ce shi ya yafe, a bar maganar a gida. Siddiƙu ya ce ta fi ƙarfin gida yanzu, an buɗe fayil kuma ana jira.

Jelani ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Abu guda nike roƙo. A cire sunan Ɗayyabu."

Honorabul ya juya ga lauyarsa. Barista Balkisu ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, in babu Ɗayyabu rumfuna bakwai sun tafi, in sun tafi ƙarar ta tafi.

Tsohon ya daɗe yana kallon buhunan. Siddiƙu ya ga leɓensa yana motsi, ya ɗauka zai ce wani abu ga mutumin da ke tsaye gabansa. Da ya buɗe baki, lauyar ya yi wa magana.

"Balkisu, tai ki shigar da ƙarar."

Jelani ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa abin da ya daɗe da sani. Ya sa takalmansa.

Siddiƙu bai sa masa ankwa ba. Ya fitar da shi ta ƙofar baya don kada jama'a su taɓa shi, ya tare keke mai ƙafa uku, suka shiga baya tare. A bakin titi motar Barista ta wuce su, buhunan biyu a kujerar baya. Jelani ya bi ta da ido har ta sha kwana.

"Sufeto, kana da ɗa namiji?"

"Biyu."

"Da kai ne fa?"

Siddiƙu ya riƙe fayil ɗin a cinyarsa. Mai keke ya waiwayo yana tambayar inda za su, ya gaya masa caji ofis.